Watannin da Aka Zaunar da Ni a Gida, Goro Yana Ruɓewa

Jiya da la'asar Rashida, jikar ƙanena Yakubu, ta biyo ta rumfata da ƙawayenta biyu bayan an tashi makaranta. Ina jinta tana gaya musu cewa in ta gama sakandare ba ta samu aiki ba, za ta karɓi sana'ar Kaka, tunda ba komai ba ce illa a zauna a inuwa, a yayyafa wa goro ruwa, a jira mai saye. Suka yi dariya. Ban tanka ba, don akwai mai ciniki a gabana. Shi ya sa yau na aika aka kira ku, ke da su, kuma za ku zauna har in gama. Wannan maganar na taɓa jinta a bakin manya masu gemu, na kuma ga abin da ta jawo.

Aikin farko da Inna Lariba, yayar mahaifiyata, ta ba ni shi ne ɓarar sabon goro. Ban kai shekarunku ba ta ɗauke ni daga nan Tamale zuwa wani ƙauyen Tonawa a bayan Kumasi, inda take sari. Manoma su fasa kwanso, su tara 'ya'yan da farar rigarsu a jiki, a jiƙa har rigar ta yi laushi tana wari, sannan mu zauna mu saɓule ta ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa wuƙa, ba a sa farce. Goron da farce ya karta, wurin zai yi baƙi kafin lori ta iso Tachiman, kuma baƙin ba ya tsayawa inda ya fara. Ranar da na cika kwandona na farko ina ta murna, Inna ta juye shi a kan algarara, ta ware kusan rabi gefe, tana ɗaga kowanne tana nuna mini sawun farcena. Sai ta miƙo mini reza ta ce in yanke faratan har nama. Ku dubi hannuna. Tun ranar ban sake tara farce ba, ko na biki.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Kwando ne, da ganyen fita, da algarara, da igiya, sai ƙaramar ƙwaryar ruwa. Sabon goro sai an bar shi a kwando mara shimfiɗa ya yi gumi ya tsane. Sannan a ware fari daban, ja daban, manya daban, ƙanana daban, a shimfiɗa ganye a zuba, a rufe. Ruwan da kuke ganin ina yayyafawa na ɗan abin da ke kan faranti ne, don kada rana ta sa ya yamutse. Na cikin sito ba ya son ruwa ko kaɗan. Hannu yake so. Duk 'yan makonni sai an kwance kowane kwando, a juye, a canza ganyen da ya bushe ko ya yi fumfuna, a bi goron da yatsa ana neman sankara. Sankara ƙwaro ne ɗan mitsitsi, yana barin ƙofa kamar tsinin allura. Daga waje goro sumul, in an fasa ciki sai gari. Ɗaya ya isa ya lalata kwando. Wanda ya iya wannan aikin zai riƙe goron kaka har lokacin zafi, sa'ar da kasuwa ta ƙone kowa yana nema, kuma a nan ne ribar shekara take. Sauran watanni duk riƙon ciki ne.

Na tuna ranar da Afa Iddrisu na Kanvili ya zo sayen goron neman auren babban ɗansa. Afa shi ne malami a bakin Dagwamba, 'yan asalin garin nan, kuma su ba sa yin komai ba goro: gaisuwar sarki, suna, zaman makoki, sulhu tsakanin gidaje. Ya zauna a kan benci tun hantsi har azahar ina zaɓar masa ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Mma Azumi, surukan nan za su duba goron kafin su duba fuskata." Na ce, "Na sani, Afa." Kowane kwando da na buɗe sai na fasa ɗaya na tauna, na ba shi rabi. Daɗin goro ba a ido kaɗai ake gane shi ba. Akwai mai ɗaci da zaƙi a baya, akwai mai yauƙi, akwai wanda ya fara mutuwa ciki alhali jikinsa yana sheƙi. Tun daga ranar, duk wata hidimar gidansa wurina yake zuwa, ya kuma jawo mini rabin unguwarsu.

To, duk shekarun nan da ciwo nake yi. Ba gaira ba dalili sai zuciyata ta ɗauki gudu, tana bugawa kamar za ta fito ta wuya, gumi ya karyo, ƙafafu su yi sanyi. Ta kama ni a saman lori tsakanin Kintampo da Buipe, ta kama ni da kwando a ka a tasha, ta kama ni a layin awo. In jingina da bango har ta lafa, in ci gaba. Kowa a gidanmu na Lamashegu ya sani. Abin da ake cewa kawai shi ne, "Ciwon Yaya ya motsa, a ba ta ruwa." Ba wanda ya taɓa sauke mini kwando, ba wanda ya ce zai yi mini tafiyar kudu ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau.

Da abin ya yi yawa har na faɗi a banɗaki, 'yata Memuna da ke aure a Ankara, babban birnin ƙasar nan, ta zo ta tafi da ni. Likitocin zuciya suka ce akwai wani ɗan wuri a cikin zuciyar da ke aika saƙon banza yana sa ta gudu, kuma ana iya kashe shi ba tare da an tsaga ƙirji ba. Suka zura wata siririyar waya ta jijiyar matsematsina har ta kai zuciya, suka ƙona wurin. Ina kwance ina jin maganarsu. Kashegari da ƙafata na fita. Gudun nan da ya bi ni rabin rayuwata bai sake dawowa ba, har yau da nake muku magana.

Sai dai wani abu sabo ya zo. Ina zaune lafiya sai in ji zuciyar ta yi tuntuɓe: bugu ɗaya ya riga lokacinsa, sai shiru na ɗan ƙiftawar ido, sai wani mai ƙarfi ya biyo kamar an tokare ni daga ciki. Wani yinin kaɗan ne, wani yinin ba iyaka, musamman in na tauna goro. Muka koma. Suka manna mini wayoyi a ƙirji da ɗan akwati da na kwana da shi, suka duba abin da ya rubuta. Likitar mace ce, Memuna tana fassara mini.

Ta ce, "Mama, wannan ba tsohon ciwon ba ne. Wurin da muka ƙona yana warkewa, zuciya takan yi ƙarin bugu haka na wasu watanni. Mun duba naki, ba mai haɗari ba ne. Ki rage goro da shayi, ki samu barci, ki sha maganinki. Amma in kin suma, ko ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya gagara, ko gudun ya dawo ya ƙi tsayawa, ki tafi asibiti nan take."

Na ce, "Goro shi ne sana'ata."

Ta yi murmushi ta ce, "Sayarwa ban hana ba. Ci na ce ki rage."

"Kasuwa fa?"

"Kaya mai nauyi ki bari tukuna. Banda shi, ki koma kasuwarki. Zama ba zai ƙara miki komai ba."

Da wannan maganar na dawo Tamale. Sitona cike yake, don kafin in tafi na zuba duk abin da nake da shi a goron kaka, na jera kwanduna har rufi. Na koma aiki. Sati na biyu, ina cikin ɗaure wa wata mata goron suna, abin ya zo sau uku a jere. Na dakata, na dafe ƙirji, na rufe ido har ya wuce. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma matar ta ƙwala ihu, kayayo masu dakon kaya suka taru, wani ya kwara mini ruwa a ka, kafin in share fuska an sa ni a yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ana gudu da ni gida. Ina ce musu lafiyata ƙalau, ba mai saurare.

Da yamma Yakubu ya shigo ɗakina. Tun rasuwar mijina a gidan gado nake, kuma shi ne namiji babba, ko da yake ni na goya shi. Ya zauna, ya miƙa hannu kan ƙusar bango ya zare makullin sito.

Ya ce, "Yaya, ba mu kai ki Ankara don ki dawo ki faɗi matacciya a tsakiyar kasuwa ba. Ɗana Fuseini zai riƙe wurin har ki warke."

Na ce, "Likita ta ce in yi aiki."

"Likita ba ta ga abin da ya faru yau ba."

"Me ya faru yau? Kai ma ba ka nan."

"An gaya mini zuciyarki ta tsaya."

Na kira Memuna a waya ta yi masa bayani. Ya saurara, ya ce to, to, ya kashe wayar, ya sa makullin a aljihu. Na ce masa Fuseini bai san goro ba, kayan babur ya taso yana sayarwa. Ya ce, "Mene ne a goro, Yaya? Ruwa ne da inuwa." Rashida, Fuseini babanki ne. Yana nan da rai, in kin koma gida ki tambaye shi ko na ƙara ko kalma ɗaya.

Wata uku da wani abu ina zaune a kan tabarma a tsakar gida kamar kayan wanki. In na ɗauki buta a karɓe. In na nufi ƙofa a ce ina zuwa. Mutanen da suka bar ni shekara da shekaru ina hawa lori da zuciya mai gudu, yanzu da aka gyara ta su ne ba sa barina in ɗaga tsintsiya. Mata suna zuwa dubiya, su zauna su zuba mini ido suna jiran su ga lokacin da za ta tsaya. A kasuwa kuma magana ta bazu cewa goro ne ya ƙona wa Mma Azumi zuciya. Har wani mai tallan maganin gargajiya da lasifika a kan mota ya riƙa cewa a dubi tsohuwar nan mai goro da Turawa suka ƙona wa ƙirji a banza, da ta sha nasa da ba haka ba. Bai taɓa ganina ba. Duk safiya ina ce wa Fuseini, "Ka juye kwandunan? Ka canza ganye?" Ya ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki, komai yana daidai." Na ce ya kawo mini ko guda biyar in gani. Yakubu ya hana a shigo da goro gidan gaba ɗaya, wai kada in ci.

Abin da ya fitar da ni saƙon Afa Iddrisu ne. Ya aiko matarsa ta gaishe ni, ta ce autarsu za ta yi aure, Afa ya ce ko ina kwance ne, goron daga hannuna yake so ya fito. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na yafa mayafi na tare yalo-yalo a bakin titi. Na tarar da Fuseini bai tafi ba tukuna, yana shirin rufe rumfa. Na ce ya buɗe sito. Ya tsaya yana juya makulli a hannu. Na sake faɗa, ya buɗe.

Tun daga bakin ƙofa warin ya gaya mini. Lokacin zafi ne, rufin kwano ne, shi kuma ya ga goro ya fara yaushi a sama, sai ya riƙa sheƙa wa kwandunan ruwa da bokiti, ya ɗaure bakinsu da baƙar leda wai kada su bushe. Na kwance na farko, zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunya. Ganyen ya narke ya zama taɓo. Goron sama ya tsiro, na tsakiya ya yi fumfuna, na ƙasa ya yi baƙi yana manne wa juna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A can lungu akwai 'yan kwanduna da ruwan bai kai gare su sosai ba, goronsu yana da kyan gani. Na ɗauki ɗaya zan fasa, sai na ji wani wari daban, mai hawa ka, na ga farin gari a kan ganyen.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Sankara ce ta yi yawa, Gwaggo. Wani abokina ya ba ni maganin da suke sa wa masara."

"Ka sayar da na cikin nan?"

"A'a, tun makon jiya na sa, ina jira ya kama."

Wannan kaɗai na gode wa Allah a kai ranar. Masara ana wanke ta, a niƙa, a dafa. Goro daga hannu sai baki, kuma bakin tsofaffi ne, masu tauna shi da safe ba su karya ba.

Aka sauko daga masallaci, Yakubu ya iso da babbar riga, an riga an kai masa labarin na gudu daga gida. Ya shigo zai yi faɗa, warin ya tsayar da shi. Ya daɗe yana kallon kwandunan. Sannan ya nuna na lungun ya ce, "Waɗannan ai ba su lalace ba. A wanke su da kyau a shanya, a ba Afa nasa, a rage asara."

Na ce, "Ɗauki ɗaya ka tauna."

Ya ja da baya, na matsa kusa da shi.

"Wanke shi da kanka, ga ruwa nan, ka tauna a gabana. In ka haɗiye, ni zan kai wa Afa a kaina."

Bai ɗauka ba. Na sa Fuseini ya nemo motokin, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, muka loda komai, mai kyau da marar kyau, da kwandunan da algararar, muka fita bayan gari. Na tsaya a rana har aka haƙa rami aka zuba aka rufe, don na san in aka watsar a bola, kafin magariba yara sun tsince masu kyan gani sun kai tasha. Aikin shekarata guda ke nan, da jarin da na fara tarawa tun zamanin Inna Lariba.

Goron Afa kuwa wurin Mma Sanatu na je, maƙwabciyata a layi, wadda muka shekara talatin muna ƙwace wa juna masu ciniki. Ban taɓa roƙonta ko gishiri ba. Na gaya mata gaskiya. Ta buɗe mini kwandonta mafi kyau, ta ce in zaɓa. Na zauna na zaɓa ɗaya-ɗaya, na fasa ɗaya na ɗan gatsa, na juya shi a harshe na tofar. Na kai wa Afa da kaina, na ce masa zaɓina ne amma ba ajiyata ba ce, ta Sanatu ce. Ya karɓa ya yi godiya ya yi mini addu'a. Daga baya rabin mutanen Kanvili da ya kawo mini suka koma wurin Sanatu, tunda ita ke da kaya. Ban ga laifinsu ba, ban ga nata ba.

Ranar Asabar da safe na samu Yakubu a zaure yana shan koko. Makullin yana wurinsa har lokacin, Fuseini ya mayar masa. Na ce ya ba ni. Ya ce, "Yaya, sito ba komai a ciki, me za ki yi da shi? Ki bari jikin ya ƙara ƙwari." Yana cikin maganar abin ya zo mini. Maimakon in dafe ƙirji, na kamo hannunsa na ɗora yatsunsa a wuyan hannuna, inda likita ta nuna mini.

Na ce, "Riƙe nan. Kada ka saki."

Ya riƙe. Tana bugawa daidai, sai ta yi tuntuɓen, sai shirun. Na ga fuskarsa ta canza, ya yunƙura zai kira mutane. Na danne hannunsa. Mai ƙarfin ya biyo, ta ci gaba da tafiyarta.

"Wannan shi ne," na ce. "Shi ne tsayawar da aka gaya maka. Saboda shi ka rufe ni wata uku. Ka ji ya zo, ka ji ya wuce, ga ni ina kallonka."

Bai saki hannun ba sai da ta sake yi, ta sake wucewa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye makullin a kan tabarma kusa da kofin koko. Bai ba ni haƙuri ba, har yau. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da, haka take yi miki a lori?"

Na ce, "A'a. Wancan ya fi wannan sau goma."

Ƙarin bugun ya yi ta raguwa kafin damina ta ƙare, kamar yadda likita ta faɗa. Yanzu sai in na gaji ko na yi rashin barci yake leƙowa, kuma ina zuwa a duba ni lokacin da aka ce. Goro ɗanɗanawa nake yi in tofar. Da kaka ta zo na hau lori na tafi kudu, na fara da kwando huɗu a ɗakin da yake ɗaukar arba'in. Fuseini ya koma kan kayan babur, inda ya iya, kuma duk ranar da zan juye kwanduna yakan rufe shagonsa ya zo ya ɗaga mini masu nauyi. Yana ɗagawa ya ajiye, ya koma bakin ƙofa ya tsaya da hannuwansa a baya. Ban taɓa ce masa kada ya taɓa goron ba. Shi ne bai sake taɓawa ba.